Yadda ake shirya mazaunin ɗan macijin masara da ake kiwo a gida

Macijin masara, wanda masana halittu ke kira Pantherophis guttatus, yana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a Amurka da Turai. Asalinsa gabashi da kudu maso gabashin Amurka ne, daga jihar New Jersey zuwa Fulorida. Ba shi da dafi. Kamar mesa, nannaɗe abin da ya kama yake yi ya matse shi. Ana danganta sunansa da yadda manoma suka saba ganinsa a gindin rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma na cewa zanen cikinsa ne ya yi kama da ƙwayoyin masara masu launi-launi.

Idan ya fito daga ƙwai tsawonsa kan kai santimita 20 zuwa 30, kaurinsa kuwa bai wuce na fensir ba. Babba yakan haura mita ɗaya, kuma a hannun mai kiwo yana iya rayuwa shekara 15 zuwa 20. Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, kuma ba ya kuka idan ya takura, saboda haka lafiyarsa ta rataya ne kacokan a kan mazaunin da aka tanadar masa.

Akwati da murfi

Ana amfani da akwatin gilashi ko na roba mai ƙananan ramukan shan iska. Ƙa'idar ita ce tsawon akwatin ya ishe shi miƙewa sambal, a riƙa sauya masa babba yayin da yake girma. Fili fetal yana firgita ɗan maciji har ya ƙi cin abinci, don haka ake cika wurin da rassan hawa da ganyen roba. Dole murfin ya kasance mai makulli, domin duk kafar da kansa ya shiga, sauran jikin zai bi, kuma ɗan macijin da ya sulale cikin gida da wuya a sake ganinsa.

Zafi da laima

Gefe ɗaya ake ɗumamawa zuwa digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma a bar shi tsakanin 22 da 24, domin macijin ya riƙa kai da komo yana daidaita zafin jikinsa. Ko fitila ce daga sama ko faifan ɗumi a ƙarƙashi, wajibi ne a haɗa ta da na'urar da ke katse wuta idan zafi ya kai iyaka. Rashinta kan jawo ƙunar ciki ko mutuwa, domin maciji yakan ci gaba da kwanciya a kan abin da ke ƙona shi. Ana sa ma'aunin zafi a kowane gefe, kuma ba a ajiye akwatin inda rana ke dukansa.

Laimar iska ta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ta wadatar. Idan ta yi ƙasa, saɓar da yake yi takan manne a idanu ko a bakin wutsiya, ta tsinke jini har wurin ya mutu.

Shimfiɗa, maɓoya da ruwa

A makonnin farko takardar goge hannu ta fi dacewa, saboda tana bayyana kashi da ƙananan ƙwarin da ke tsotsar jininsa. Daga baya ana iya komawa ga ɓarzajjen katakon aspen. Ba a amfani da na itacen sida ko fayin, domin man da ke cikinsu yana illata numfashin dabbobi masu jan ciki. Maɓoya biyu ake sawa, ɗaya a kowane gefe, matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bango. Idan guda ce, zai zaɓi ɓuya ya haƙura da zafin da yake bukata. Kwanon ruwa mai nauyi marar zurfi a gefen sanyi ake ajiye shi, a sauya ruwan kullum.

Makon farko

Ana kunna kayan ɗumin kwana biyu ko uku kafin macijin ya iso, a tabbatar ma'aunai sun tsaya. Da ya shiga sai a ƙyale shi kamar mako guda ba tare da taɓawa ba. Abincinsa jinjirin ɓera ne da aka daskarar sannan aka narkar, sau ɗaya a kwana 5 zuwa 7, kuma ba a ɗaukarsa sai bayan awa 48 da ci, gudun kada ya amayar. Shi kaɗai ake ajiyewa a akwati.

Lafiyar gida da doka

Macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonella ba tare da nuna alama ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shawarci a wanke hannu da sabulu bayan taɓa su ko kayansu, kuma kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa su. Doka ma ta bambanta: Ostireliya ta haramta ajiye macijin masara a gida, jihar Jojiya ta Amurka kuma ta hana kiwonsa ba tare da izini ba saboda ɗan asalin yankin ne.