Kaurin Waya da Nisan Turke: Nazari Kan Janyo Wuta a Malisa

A Malisa da ke ƙasar Gwandu, kamar sauran garuruwan Kebbi da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kaduna ke ba wuta, gidan da ke bayan gari kan yi nisa da turke. Mai gida yakan ce kayansa kaɗan ne, siririyar waya ta ishe shi. Kuskuren shi ne auna kaya kawai, a manta da tazara.

A ɗauki gida mai firji, fanka biyu, talabijin da ƙwayayen fitila, jimilla wat 1,000. A kan bolt 230, wannan amfiya 4.3 ke nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta ɗauki haka ba tare da ta yi zafi ba. To amma idan turken na nesa da mita 100, wuta za ta bi mita 200, zuwa da dawowa, kuma bolt 10 za su zube a hanya, sama da kashi 4 cikin ɗari. Da waya mai 2.5, asarar bolt 6 ce. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya. Ga shi kuma firji na jan ninkin wutarsa sau da yawa lokacin tashi. Idan wutar ta iso turke da rauni, sai ya yi ta gurnani har injinsa ya ƙone.

Lamarin ya fi tsanani a sola mai bolt 12. Fankar wat 60 na jan amfiya 5. Tazarar mita 10 kacal da waya mai 1.5 za ta cinye fiye da bolt ɗaya, kusan kashi 10 cikin ɗari. Sai a ɗora wa batir laifi, shi kuwa lafiyarsa ƙalau.

Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a Kebbi, yana rage nauyin da waya ke iya ɗauka. Wayar alminiyam kuwa sai ta fi ta jan ƙarfe kauri da kusan kashi 60 cikin ɗari kafin su yi daidai, kuma akwai wadda ake shafa wa jan ƙarfe a sama don yaudara. Kafin ka biya, kankare bakinta da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ajiye ta.