Kyamara a Hannun Yaro: Tarihin Wata Hanyar Rage Raɗaɗin Zuciya

Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma akwai yaron da ya ga abin da ya fi ƙarfin bakinsa, ko yaƙi, ko mutuwar iyaye, ko matsanancin talauci, har ya zamana fuskar ba ta nuna komai, bakin kuma ya ƙi buɗewa. Wannan lacca za ta bi tarihin yadda aka yi amfani da hoto da ba da labari domin taimakon irin wannan yaro. Abin da tarihin ya nuna shi ne, hoto bai fara yi wa yaro amfani sosai ba sai da kyamara ta bar hannun babba ta koma hannunsa, aka kuma zauna aka saurari abin da zai faɗa.

Kyamara a hannun likita

Tun ɗaukar hoto yana sabon abu likitoci suka fara jarraba shi. A shekarun 1850 wani likita a Ingila, Hugh Welch Diamond, wanda ke kula da sashen mata a asibitin masu taɓin hankali na Surrey, ya riƙa ɗaukar hotunan majiyyatansa. A 1856 ya gabatar da takarda gaban ƙungiyar masana ta Royal Society, inda ya ce hoton yana taimakon likita wajen gane alamun cuta, yana kuma taimakon majiyyaci idan aka nuna masa kamanninsa. Sai dai a wannan tsari likita ne mai ɗauka, shi ne mai fassara. Majiyyaciya abin kallo ce kawai. Haka kuma aka daɗe ana yi wa marayu da 'ya'yan talakawa: a ɗauki hotonsu cikin tsumma, a kai wa masu hannu da shuni domin neman taimako, ba tare da an tambaye su komai ba.

Kyamara ta koma hannun yaro

Canji ya bayyana a aikin wata Ba'amurkiya, Wendy Ewald. A 1975 ta tafi yankin duwatsu na jihar Kentucky, inda akasarin mutane ma'aikatan haƙar kwal ne da ƙananan manoma. Ta ba yaran makarantun firamare kyamarori masu araha, ta koya musu ɗauka da wanke hoto, sa'an nan ta ce kowa ya ɗauko kansa, da danginsa, da dabbobin gidansu, da mafarkinsa. Batun mafarkin nan shi ya buɗe ƙofa, domin yara sun shirya hotunan da suka nuna tsoro da mutuwa, abubuwan da ba su saba faɗa wa kowa ba. Ita kuwa takan zauna da yaro ya yi mata bayanin hotonsa. An buga hotunan tare da kalaman yaran a littafi a 1985.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki ba ɓoyayye ba ne. Da farko, idan babba ya tsare yaro da ido ya ce ya faɗi damuwarsa, kunya da tsoro sukan rufe masa baki. Amma idan akwai hoto a tsakaninsu, duka biyun hoton suke kallo, yaro kuma yana iya maganar abin da ke cikinsa har ya kai ga maganar kansa, a lokacin da ya ga dama. Na biyu, yaron da aka raba da gida ba da shawararsa ba, a nan shi ke zaɓen abin da za a gani da abin da za a bari. Na uku, ba da labari yana tilasta wa mutum ya jera abin da ya same shi, wannan ya zo kafin wancan, maimakon ya zauna masa a zuciya a dunƙule. Wani masanin halayyar ɗan Adam, James Pennebaker, ya buga sakamakon bincike a 1986 wanda ya nuna cewa ɗaliban da suka yi kwana 4 suna rubuta abin da ya dame su, minti 15 kullum, sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya.

Misali daga Ruwanda

Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994 an kashe mutum kimanin 800,000 a Ruwanda, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A ƙarshen wannan shekara wata dattijuwa Ba'amurkiya da ta daɗe a ƙasar, Rosamond Carr, ta buɗe gidan marayu mai suna Imbabazi, wato jinƙai. A shekarar 2000 wani mai ɗaukar hoto, David Jiranek, ya ziyarci gidan, ya raba wa waɗansu yara irin kyamarar nan da ake amfani da ita sau ɗaya a yar.

A lokacin duniya ba ta san Ruwanda da komai ba sai gawawwaki da kaburbura, domin abin da manema labarai suka ɗauka ke nan. Yaran kuwa sai suka dawo da hotunan kasuwa, da abokan wasa, da mata masu aiki a gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda bai yoyo. A 2001 hoton da wata yarinya 'yar shekara 8 ta ɗauka ya ci lambar farko a gasar wata mujalla ta Amurka. Jiranek ya rasu a 2003, amma aikin bai mutu ba, har waɗansu daga cikin yaran suka girma suka zama masu ɗaukar hoto, suka kuma koyar da yara marasa galihu a wasu ƙasashe.

Inda ake tuntuɓe

Ba a rasa matsala ba. A Kolkata ta ƙasar Indiya, Zana Briski ta koya wa 'ya'yan mata masu zaman kansu ɗaukar hoto, fim ɗin da aka yi kan aikin kuma ya ci kyautar Oscar a 2005. Amma ƙungiyar matan unguwar ta yi kuka cewa an nuna iyayen yaran a wulaƙance. Wannan ya tayar da tambayoyin da ba su da sauƙi: wane ne mai hoton, wa ya ba da izinin nuna shi, ina kuɗin yake tafiya, kuma wa zai zauna da yaron bayan baƙo ya koma ƙasarsa? Har ila yau, hoto ba ya maye gurbin likita ga yaron da ciwonsa ya yi tsanani.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya ta Arewa kai tsaye, domin rikicin da ya ɓarke a Barno tun 2009 ya bar marayu masu ɗimbin yawa, waɗanda aka sha ɗaukar hotonsu a sansanonin gudun hijira. Kayan aikin ba su da tsada yanzu, tun da wayar hannu ta wadata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban da aka horar, mai haƙurin sauraro, wanda ba zai matsa wa yaro ya tono abin da bai shirya tonowa ba, ba zai kuma fitar da hotonsa ba sai da yardarsa da ta waliyyinsa. Malamin makaranta da jami'in jin daɗin jama'a su ne suka fi kusa da wannan aiki, saboda haka su ya kamata hukuma ta fara horarwa kafin ta sayi kyamara ko guda.