Ruwa da Nisa: Nazarin Dokar Sayar da Abincin Gida da Zuma

Kafin shekarar 2013, matar da ta gasa burodi a gidanta ta sayar a jihar Kalifoniya ta Amurka ta karya doka. Dokar abincin gida da gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2012 ce ta halatta wannan sana'a, amma bisa ma'auni biyu.

Na farko shi ne ruwa. An yarda da burodi, biskit, alewa, busassun 'ya'yan itatuwa da zuma, an hana nama da duk abin da sai a firiji yake kwana lafiya. Dalili kuwa, ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci mai danshi wanda ba shi da tsami sosai.

Na biyu shi ne nisa tsakanin mai yi da mai ci. Wanda yake sayarwa hannu da hannu rajista kawai yake yi. Wanda kayansa za su bi ta shago ko gidan abinci sai ya samu izini, an kuma duba ɗakin girkinsa. Dukansu dole su rubuta a jikin kayan cewa a gida aka yi su.

Zuma ta tsallake ma'aunin farko cikin sauƙi, don sukarinta ya rinjayi ruwanta. Matsalarta algus ce. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma kada a haɗa ta da komai. Ta kuma iyakance sinadarin HMF, mai nuna an dafa zuma ko ta daɗe a zafi: miligiram 40 a kilo, 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Likitoci kuma sun hana ba jaririn da bai kai shekara ba zuma, komai kyanta.

A Najeriya ma nisan ne yake ta da doka. Mai zumar da kowa ya sani a kasuwar ƙauye, amanarsa ce shaidarsa. Ranar da ya ɗura ta a kwalba, ya manna suna, ya kai kanti a Kano, lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, ita ce za ta tsaya masa a gaban mai sayen da bai taɓa ganin fuskarsa ba.