Samariya: Tarihin Aikin Gayya a Ƙasarmu

Ya ɗan uwa mai karatu, ko kana Tagris, ko Kornaka, ko cikin garin Dakoro, ka san gayya. Mutum guda ya kira, gari ya amsa. A kai fura gona, makaɗi ya biyo baya, noman kwana goma a gama shi kafin la'asar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau za mu ba ka tarihin ƙungiyar da ta fi kowace suna wajen wannan aiki a Nijar, wato samariya. Ka karanta a hankali, don akwai abin da ya shafi garinku a ciki.

Asalinta

Samariya ta girmi gwamnati. Tun zamanin kakanni, samarin gari suna da shugabansu, shi ne sarkin samari. Ƴan mata ma suna da tasu shugaba. Su ke shirya wasa da kokawa bayan kaka. Su ke tarbar baƙi. Su ke noma gonar tsoho wanda ba shi da mai taimako. In rijiya ta cike, su ke yasa. Ba a biyan kowa. Ladan mutum shi ne, ran da tasa ta taso, za a zo masa.

Da Nasara suka zo, sun kawo wani irin aiki na taro, amma ba gayya ba ne. Aikin dole ne. A kama mutum ya gyara hanya ko ya ɗauki kaya, ba lada, ba godiya. Sai a 1946 aka hana shi. Ka riƙe wannan bambanci. Gayya, kai ka ga amfaninta ka fito. Aikin dole, tsoro ya fito da kai.

Ƙasarmu ta Dakoro

Nasara sun buɗe bariki a Dakoro a 1947. A lokacin nan manoma suna ta hawowa daga kudu suna neman sabuwar gona. Makiyaya, Fulani da Abzinawa, suna kiwo a kwarin Tarka. Bayan samun mulkin kai, a 1961, aka yi doka wadda ta sa iyakar noma ta arewa. Kudu da iyaka noma, arewa da ita kiwo.

Ƙasa irin wannan ba ta zaunuwa sai da haɗin kai. Ruwa yana da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Mutum ɗaya ba ya gina rijiya, ba ya kashe wutar daji, ba ya buɗe burtali.

Zamanin Seyni Kunce

Fari ya yi tsanani a 1973. Bisashe suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki daga Jori Hamani, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Ya soke jam'iyya. To, da wa zai yi magana da talakawa? Sai ya ɗauko samariya ya raya ta. Aka kafa ta gari gari, unguwa unguwa, har zuwa Yamai.

An yi aiki, ba ƙarya. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwan lakwal da ɗakunan shan magani. Sun share gari da kasuwa. Sun noma gonakin samariya. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, su ne kuma masu haƙa rami da ban ruwa. A 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Yaron ƙauye ya je ya ga ɗan uwansa na wata jiha, ya ji harshensa, ya ga rawarsa.

A 1979 Kunce ya sa aka fara shirya wani tsari na gina ƙasa. Ya ce ƙafafunsa biyu ne: samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma, waɗanda suka samo asali tun 1962. Aka yi majalisun ci gaba hawa hawa: ta gari, ta kanto, ta gunduma, ta jiha, sai ta ƙasa a 1983. Manufar ita ce magana ta tashi daga ƙauye ta hau sama.

Shekarar El Buhari

A watan Mayu 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan hamada mai cin ƙasa. Aka yi alkawarin dasa itace ko'ina. Amma daminar wannan shekara ba ta yi ba. Ga kuma Nijeriya ta rufe iyaka a mulkin Buhari, shi ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Aka ce kowane gari mai ruwa kusa ya yi noman rani. Samari da yawa suka yi lambu. Wasu da yawa kuma suka bar gida suka tafi ci rani. Gayya ba ta yiwuwa in majiya ƙarfi ba su nan.

Abin da ya raunana ta

A nan za mu faɗi gaskiya. Maganar da aka ce za ta hau daga ƙasa, sau da yawa daga sama take saukowa. In babban baƙo zai zo, sai a tara samari su yi layi cikin rana, su yi tafi. Wanda bai fito aiki ba yana iya shan tara. A wurare da yawa masu gari da manya ke zaɓen shugabanni. Sannu a hankali wasu suka fara ganin samariya kamar aikin gwamnati, ba nasu ba. Itacen da aka dasa don a faranta wa baƙo rai, in baƙo ya tafi, awaki ke cinye shi.

Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987. Ali Shaibu ya gaje shi, a 1989 tsarin nan ya koma jam'iyya guda, MNSD. Bayan babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka yi yawa. Samarin gari ɗaya suka rabu, kowa da tutarsa. Samariyar gwamnati ta watse.

Abin da ya tsira

Amma gayya ba ta mutu ba. Dubi abu uku.

Na farko, sassabin zamani. Tun wajen 1983 aka fara shi a jihar Maraɗi. Manomi ba ya ƙone kututture. Yana zaɓen tohon da ya fi ƙarfi, ya sare sauran, ya tsare shi har ya zama icce. Maƙwabci ya gani ya koya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an raya itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya koma gona, yana ba ƙasa taki, yana ba bisa abinci.

Na biyu, Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ta fara shirin a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka. Daga cikin asusun suke ba juna bashi, a ƙarshen zagaye su raba. Kuɗin nasu ne, ba na baƙo ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dubarar nan ta bazu ƙasashe da yawa na duniya.

Na uku, sulhun manomi da makiyayi. Makiyaya sun kafa ƙungiyarsu, AREN, a 1990. A 1993 aka yi dokar tsarin karkara. A ƙarƙashinta ake kafa kwamitin ƙasa a gari, inda manomi da makiyayi da mai gari za su zauna su shata burtali, su rubuta iyakar gona.

Ka lura. Duk ukun, mutane sun riƙe su don sun ga ribarsu a gidajensu.

Saura kai

Tagris ta zama komin a 2002, aka yi zaɓen kananan hukumomi a 2004. Hukuma ta matso kusa, amma ba za ta yashe muku rijiya ba. Kai da ka koyi karatu, kana da abin da sarkin samari na da ba shi da shi. Kana iya rubuta sunan wanda ya zuba kuɗi. Kana iya rubuta tiya nawa ta shiga bankin cimaka, nawa ta fita. Kana iya karanta lissafi gaban jama'a, don kada zargi ya raba ku.

In kun taru a ajin yaƙi da jahilci, ku tambayi dattawa: wane aiki samariyar garinku ta yi? Wanne ne yake tsaye har yau, wanne ya rushe, kuma don me? Sannan ku zaɓi aiki guda wanda za ku iya da ƙarfinku kafin damina ta faɗi. Ku sa rana, ku rubuta ta.