Birnin Damagaram da Makomar Gine-ginen Ƙasa

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin Juma'a na unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Masallaci ne na ƙasa da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya ga damina fiye da 170. Shekara guda kafin haka, ran 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Mikaila, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar ita ce: yaushe bangon ya fara tsagewa, kuma wa ke da alhakin liƙe shi?

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta ne a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulemani, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera ƙera manyan bindigogi, ya kuma mai da garin matattarar ayarin da ke tsakanin Kano, Borno da Tarabulus. Baƙin fatake sukan sauka a unguwar Zango, inda attajirai irin su Malam Yaro suka gina soraye masu zayyana. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852. A 1898 aka kashe hafsan Faransa Kazmaju a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 kuwa Faransawa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Damagaram ta zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamunna ya bar shaidarsa a jikin bango.

Ginin ƙasa kuwa tamkar dabbar gida yake, sai da kiwo. Magina kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su ɗora rufi bisa azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa lahani ba. Daga nan a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kafa indararo don ya jefa ruwa nesa da tushe. Kafin kowace damina akan sake yaɓe, a toshe tsaga, a share indararo. Wannan hidima ta shekara-shekara ita ce sirrin daɗewar ginin, kuma a dā sarautar Sarkin Magina ce ke riƙe da saninta, uba na koya wa ɗa.

Da hidimar ta yi rauni, sai lalacewa ta sami ƙofa. Gidan gado ya zama na magada da yawa, kowa na jiran wani ya gyara. Giginya ta yi ƙaranci, ƴaƴan magina suka koma ga bulo da kwano. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, suka shafe bangon ƙasa da siminti, ba su san cewa siminti na tsare danshi a ciki ba, har ƙasar ta ruɓe ta ɓoye, ta zube rana ɗaya.

Ba a rasa doka ba. Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1997, a 2006 kuma ta sa Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su. Amma suna a takarda ba ya toshe tsaga. Agadas ce ta nuna abin da ke biye da takarda. Kafin a sa tsohon garin, mai unguwanni 11 da hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya a 2013, sai da aka shata iyakarsa, aka tsara ƙa'idojin gini da gyara, aka kuma kafa ofishi na musamman mai lura da shi, tare da fadar Sarkin Abzin da ma'aikatar magajin gari.

Kada a ce sai babban birni ke iya wannan. A ƙauyen Dandaji na jahar Tawa, mutane sun buƙaci sabon masallaci, tsohon kuwa, aikin Alhaji Falke Barmu, ya fara lalacewa. Wannan gwanin magini shi ne ya gina masallacin Yama, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe tsohon ginin, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka gayyato magina na asali suka sa hannu a gyaran, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa. An kammala a 2018. Ginin da ake shiga kullum ba ya rasa mai lura da shi.

Darasin ya shafi ƙananan garuruwa irin su Filinge ta ƙasar Kurfai da Damana ta Tondikandiya. Ko ba su da ganuwar Tanimu, ba su rasa tsohon zauren mai gari, ko masallacin unguwa, ko rumbunan ƙasa ba. Matakin farko ba ya cin kuɗi: malamai da ɗalibansu su ƙidaya irin waɗannan gine-gine, su rubuta wanda ya gina kowanne da wanda ke riƙe da shi, su ɗauki bayanin tsofaffin magina tun suna raye. Ƙungiyoyin al'adu kuma su nemi majalisar gari ta ware ranar gayyar yaɓe kafin saukar ruwa, kamar yadda mutanen Janne ta ƙasar Mali ke yi wa masallacinsu kowace shekara. Bangon da ya faɗi ana iya tayar da shi muddin akwai mai sanin kwaɓin ƙasarsa. Ranar da aka binne magini na ƙarshe ba tare da ya bar almajiri ba, ranar ce ginin ya rushe, ko da yana tsaye.