Tarihin dayosis ɗin Angalika na Kaduna

Mai zuwa Kaduna ko Zariya fatauci yakan ga allon coci an rubuta Angalika. Wannan ɗarika ce ta Kirista mai asali daga Ingila. Dayosis kuwa shi ne yankin da bishop guda yake jagoranta, da dukkan majami'un da ke cikinsa.

Mafarin abin shi ne 1900, lokacin da Bishop Tugwell da abokan tafiyarsa na ƙungiyar mishan ta CMS suka isa Kano. Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, sai suka juyo suka sauka Girku, a ƙasar Zazzau. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani yana karantar da yara. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga birni ya koma Wusasa, inda aka yi coci da makaranta da asibiti. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi a 1932. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

To, duk wannan lokaci arewa ba ta da bishop nata na kanta. Sai a 1954 aka yanke ta daga dayosis ɗin Legas, aka kafa dayosis ɗin Arewacin Najeriya mai cibiya a Kaduna, John Mort ya zama bishop na farko. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai ga mutum guda. Shi ya sa a 1980 aka raba shi uku: Kaduna, Kano da Jos. A 1990 aka ƙara wasu, har da Sakkwato da Katsina, maƙwabtanmu na bakin iyaka.

Bishop na farko a Sakkwato, Josiah Idowu-Fearon, ya yi karatun addinin Musulunci a jami'a a Ingila. Daga baya aka mai da shi Kaduna, yana can rikicin 2000 ya ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa. An san shi da zama da malaman Musulunci don neman sulhu. A 2015 ya zama babban sakataren ɗarikar ta duniya baki ɗaya.