Daga kayan gwanjo zuwa manhaja: tarihin kayan aikin kiɗan tekno

Matashin da ya zauna gaban kwamfuta da niyyar haɗa kiɗan tekno, tambayarsa ta farko ita ce wace manhaja zai ɗauka: Cubase, ko FL Studio, ko Ableton Live. Ana yawan amsa masa da zancen farashi. Amma kowace daga cikin ukun nan magajiyar wata tsohuwar hanyar aiki ce, kuma duk wanda ya zaɓe ta ya ɗauki halinta tare da ita.

Labarin ya faro ne daga asara. A 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da TR-808, na'ura mai buga ganga da kanta. Makaɗa suka raina ta, domin sautinta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba. Kimanin guda 12,000 aka ƙera kafin a daina a 1983. TB-303, wadda aka yi don ta maye gurbin jita mai babbar murya, da TR-909 ta 1983, su ma kasuwa ba ta karɓe su ba. Sai suka gangara shagunan gwanjo na Amurka, inda ake saida su da araha.

A can ne samari baƙar fata na Detroit da Chicago suka tsince su. Detroit birnin ƙera motoci ne da masana'antunsa ke ta rufewa. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makaranta a garin Belleville kusa da birnin, ba zaɓin mai wadata suka yi ba. Abin da aljihu ya iya suka saya. Atkins ya kafa kamfanin faifansa, Metroplex, a 1985, kuma a 1988 wani faifan haɗaka da aka buga a Ingila ya yaɗa sunan tekno a Turai.

Abin lura shi ne fuskar waɗannan na'urorin ganga. Maɓallai 16 ne a jere, kowane ɗaya taki ne cikin zagaye guda. In aka danna na 1 da na 5 da na 9 da na 13, an samu bugu huɗun nan da kusan duk tekno ke tsaye a kansu. Na'ura ta yi ta maimaitawa ba gajiya, shi kuwa makaɗi yana ƙara wani sauti, yana zare wani, yana murɗa maɓalli har murya ta yi kauri ko ta sirance. Ba a rubuta irin wannan kiɗa daga farko zuwa ƙarshe kamar wasiƙa. Zagayawa yake, ana sarrafa shi da hannu yana cikin tafiya.

Manhajojin farko ba da wannan tunani aka gina su ba. Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Hamburg ya fitar a 1989 don kwamfutar Atari ST, faifan ɗaukar murya ta kwaikwaya: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, ana jera sassa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ma ba ita ke fitar da sauti ba, umarni kawai take aika wa na'urori ta waya. Ta dace da mai tsara waƙa mai mafari da ƙarshe.

A 1997 kamfanin Propellerhead na Suwidin ya fitar da ReBirth, wadda ta zana TB-303 biyu da TR-808 ɗaya a kan allon kwamfuta, har da maɓallansu. Lokacin kuwa na'urorin da aka raina sun yi tsadar da talaka ba ya iya taɓa su. Kusan a tare FruityLoops ta fito daga Beljiyam, aikin Didier Dambrin, da jerin takunta 16. A 2003 aka sake mata suna FL Studio. Ƙwararru sun daɗe suna kallon ta kamar abin wasan yara. Amma sauƙinta, da kwafin sata da ke bi hannu hannu, suka kai ta ɗakunan da babu kuɗin sutudiyo. Da ita Hama, makaɗin Yamai, ya haɗa faifansa Houmeissa na 2019.

Ableton Live ce ta fito daga cikin gidan tekno kansa. Gerhard Behles da Robert Henke makaɗa ne a Berlin, suna aiki da sunan Monolake, kuma matsalarsu ta dandali ce: yaya za a buga kiɗa da kwamfuta gaban jama'a ba tare da an danna maɓalli ɗaya an koma an harɗe hannu ba? Manhajar da ta fito a 2001 ta shimfiɗa gutsattsarin sauti cikin akwatuna; a kunna wannan, a kashe wancan, ita kuma tana daidaita saurinsu don kada su saɓa. Wato ta maido wa makaɗi aikin hannun da samarin Detroit ke yi, shi ya sa masu tekno da yawa suka karkata gare ta. Daga baya kowace manhaja ta ari dabarun ƴar'uwarta, amma har yanzu allon farko da kowace ke buɗewa yana nuna inda ta fito.

Shi kuwa Roland, sai a 2014 ya fitar da TR-8 mai kwaikwayon gangunansa na da. A 2017 aka janye ReBirth daga kasuwar manhajojin Apple, bayan kamfanin ya yi ƙorafin an taɓa haƙƙin mallakarsa a kan na'urorin da ya daina ƙerawa tun shekarun 1980.